Gansakukar Auta

Shekara talatin da bakwai tsohon ya yi yana wanke tankunan ruwa a gidajen mutane, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Buroshi. A duk tsawon zamanin nan ba shi da abokin gaba kamar gansakuka, koren nan da ke kama jikin tanki. Sai ga shi da tsufansa autarsa, wadda ta karanci kimiyyar abinci, ta gina ƙaramin tafki na siminti a bayan gida, zurfinsa bai kai gwiwa ba, ta zuba ruwa mai kanwa da gishiri, ta shuka gansakuka da gangan.

"Auta," ya ce mata a ranar, "abin da na ciyar da ke da kashe shi, shi za ki kiwata mini a gida?"

"Baba, wannan ba irin taka ba ce. Wannan ci ake yi."

Ta nuna masa yadda ake tace ta da ƙyalle, a shanya, a niƙa ta zama koren gari. Ba ta neman gona, ba ta neman damina, rana kawai take so da motsawa. Duk Alhamis ma'aikaciyar jinya ta asibitin unguwa takan zo ta karɓi garin, domin a riƙa barbaɗa cokali guda a abincin yaran da suka rame.

Daga nan Auta ta tafi ƙaro karatu wata ƙasa. Wata shida ta ce, ga shi an shiga shekara ta biyu. Kowace safiya tsohon yakan ɗauki doguwar muciyar da ta bari ya motsa ruwan, yana riƙe ta daidai inda hannunta ya goge itacen. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma a ransa ya ƙudurta cewa muddin tafkin nan yana kore, Auta tana da abin da za ta dawo ta tarar.

Wata safiya ta bugo waya, ta ce mai yiwuwa ta zo ƙarshen wata. Tsohon ya dubi tafkin, ya ga farin dattin kanwa ya daskare a gefensa, sai kunya ta kama shi. A ce ’yar Mai Buroshi ta dawo ta tarar da wannan? Ya fito da kayan aikinsa na da. Ya kwashe koren ruwan cikin bokitai, ya goge simintin har yana ƙyalli, sannan ya ɗauraye shi da maganin wanke tanki, kamar yadda hannunsa ya saba, ya mayar da ruwan.

A kwana na uku kore ya koma ruwan ɗorawa, wari ya tashi. Ya tsuguna a bakin tafkin da muciya a hannu, ya rasa abin motsawa.

Matarsa ta fito, ta toshe hanci. "Baban Auta, ka yi abin naka ke nan."

"Tsafta na yi."

"Ai na gani. Ka tsaftace ta har lahira."

Da ta ga idonsa ya cika, sai ta daina zolaya, ta shiga tsohon ɗakin Auta, wanda shi ya daɗe yana kauce wa ƙofarsa, ta fito da kwalba guda cike da gansakuka, kore shar.

"Ranar tafiyarta ta ba ni. Ta ce in ajiye a bakin taga, in riƙa girgizawa, ina ƙara mata ruwan kanwa. Ta ce, Inna, na san hannun Baba."

Da hantsi suka kira Auta a waya. Ya faɗi laifinsa duka, bai rage komai ba. Auta ta yi dariya, irin dariyar da ta bar gidan da ita.

"Kada ka juye a tafki, Baba, ta yi kaɗan. Raba ta kwalba biyu. In sun yi duhu, ka mayar huɗu. Kullum da safe zan kira ka gaya mini launinsu."

"To, ƙarshen watan fa?"

"An ɗaga jarrabawa, Baba. Sai dai gaba."

"Allah ya kai mu," in ji shi, a hankali.

Ranar Alhamis ya fita da kansa ya ba ma'aikaciyar jinya haƙuri, ya ce ta ba shi mako shida. Ya wanke tafkin da ruwa zalla sau bakwai, ya rataye buroshin a inda hannu ba ya kaiwa.

Yanzu kwalabe takwas ne a bakin tagar ɗakin Auta. Tun kafin wayar ta yi ƙara yake shiga ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kowace a hasken rana, yana neman kalmar da zai kwatanta mata koren, mai tsawo, domin hirar ta daɗe.