Mata Sittin, Amsa Ɗaya

Salanieta ta shigo ofishina ba sallama, ta dire kwamfutarta a kan takarduna.

"Tavale, injin nan ya lalace."

Tavale shi ne taubashi a wurinmu. Ubana da uwarta ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara ba mai raga wa wani. Da na dawo Suva, babban birnin ƙasarmu, daga karatu a waje, jami'a ta ba ni ajin ƙididdiga na masu neman digirin digirgir a fannin kasuwanci, sai ga ta a layin gaba. Manaja ce a wani banki, ta girme ni, kuma ba ta bari in manta.

Bincikenta a kan matan ƙauye ne masu kai kaya kasuwa: ko wayar hannu tana ƙara musu ciniki. Hutun karatun da banki ya ba ta zai ƙare a ƙarshen wata. Kafin nan kwamitin da ke duba bincikenta zai zauna. In ba ta kawo alƙaluman da za su nuna aikin zai yiwu ba, ta koma bakin aiki, digiri kuma sai wani jiƙon.

Na duba. Kowace tambaya ana zaɓar lamba ne daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yadda mace ta yarda. Tambaya ta farko, kowa ta zaɓi huɗu. Ta biyu, huɗu. Ta bakwai, biyar daga sama har ƙasa.

"Injin lafiyarsa lau," na ce. "Mata sittin, amsa ɗaya. A ɗakinki kika cike su?"

"Bakinka ya sari dutse. Ƙauyenmu na je."

Ta ba ni labari. Ta yi komai bisa ƙa'ida. Ta kai wa mahaifina damin saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a wurin taro, tunda shi ne shugaban ƙauyen, ta roƙi izini. Ya karɓa, ya sa aka tara mata a zauren taro, aka raba takardu. Sai aka riƙa karanta tambaya da ƙarfi, a tattauna, har bakin kowa ya zo ɗaya, sannan kowa ta sa alama. Wuni guda aka yi. Bayan an gama aka ci kifi da madarar kwakwa.

"Tambaya ta bakwai sai da aka yi addu'a," in ji ta.

"Me na koya muku a farkon zango?"

"Kowace amsa ta zama ta mai ita, kada wata ta ji ta wata. Na sani, malam. Je ka koya wa ubanka."

"Ƙididdiga da bambanci take aiki. In wata ta fi wata amfani da waya, sai mu duba ko ta fi ta ciniki. Nan ba wadda ta fi wata komai. A wurin kwamfuta, mace ɗaya kika tambaya sau sittin."

Ta rage murya. "Ba za ka ɗan motsa su ba? Nan uku, can biyu."

"A'a."

"Karatun waje ya ɓata ka. Da kana da kirki."

"Ni ban taɓa yin kirki ba."

Matsalar ba komawa ƙauye ba ce, awa ɗaya ne a mota sai ɗan kwale-kwale a kogin Rewa. Matsalar ita ce amsoshin nan kyauta ce ƙauye ya ba 'yarsa, kuma ba a mayar da kyauta. Ranar Asabar muka sayi wani damin yangona muka tafi.

A zaure na zauna can baya kusa da ƙofa, inda ya dace da ni. Salanieta ta durƙusa a tabarma ta yi bayani, tana kwana-kwana. Mahaifina ya saurara har ta gama.

"Wace tambaya muka kuskure?" ya ce. "Faɗa mana mu gyara yanzu."

"Ba kuskure, Momo." Haka take kiransa, wato kawu. "Daidai ɗin ne ya yi yawa."

"Wato so kike mu yi gardama."

"So nake kowa ta faɗi nata."

"Takardar nan har Ostareliya za ta je. Su karanta su ce mutanen ƙauyena, ni Sakiusa, kansu a rabe yake?"

"Ba sunan kowa a ciki, Momo. Ko na ƙauyen babu."

Ya ɗago kai. "To wa zai san mu ne muka taimake ki?"

Wani dattijo ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Mahaifina ya leƙo ni ta saman kawuna. "Kai ka koya mata wannan?"

"Ni ne."

"Na yi zato."

Mahaifiyata, Vasemaca, tana gefen mata tana saƙar tabarma. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yarinya ta zo kasuwa mana. Can muke wuni."

Aka miƙa wa mahaifina ƙoƙon yangona. Ya riƙe shi ya daɗe, sannan ya shanye, ya tafa.

"Zaure ya ba da amsarsa, ba za a taɓa ta ba," ya ce. "Abin da mata ke faɗa a kasuwa kuwa, ba a taɓa kawo shi zaure ba, ba kuma yau za a fara ba."

Satin da ya biyo baya Salanieta ta tare a kasuwar garin Nausori, inda matan ƙauyenmu ke kai kaya. Ta riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya zuwa bayan tarin gwaza, ta yi tambaya a hankali, ta hana maƙwabciya leƙe. Wata ta ce otal biyu ke kiranta su sayi ƙaguwa kafin ta fito daga kwale-kwale. Wata ta ce tata wayar tana cikin kogi tun bara, kuma ciniki bai lura ba. Wata ta ce dangi kawai ke kira su ce ta taho musu da burodi.

Da muka zuba sababbin alƙaluman, kwamfuta ta yi aiki nan take. Ɗigo-ɗigo suka watsu a allo kamar an zubar da shinkafa. Alaƙar waya da ciniki tana nan, amma siririya ce, ba ta kai a kafa hujja da ita ba.

"Shi ke nan, hasashena ya faɗi," in ji ta.

"Bai tsaya ba tukuna. Ki rubuta haka, ki faɗi dalili, ki ce kina buƙatar ƙarin mata."

"Za su kore ni."

Ba su kore ta ba. Kwamiti ya yi mata tambayoyi masu zafi, ya amince ta ci gaba, da sharaɗin ta ƙara kasuwanni uku. Da wannan amincewar banki ya tsawaita hutun.

Ranar Lahadi bayan coci muna cin abinci a gida, mahaifina ya dubi Salanieta ya ce, "Mata nawa suka tsaya kan amsar zaure?"

"Tara, Momo."

Ya ajiye rogon da ke hannunsa. "Sauran su wane ne?"

"Ba zan iya faɗa ba. Na yi musu alkawari."

"Ni lamba ɗaya na zaɓa a kasuwa," in ji mahaifiyata tana zuba miya. "Wayar nan ba ta taɓa sayar min da ƙaguwa ba. Kai kaɗai ke kira, kana tambayar ina na ajiye maka tabarau."

"Nei, ba a faɗa!" in ji Salanieta. Haka ake kiran matar kawu a wurinmu.

"Ke kika yi alkawari, ba ni ba."

Mahaifina ya dubi matarsa, ya dube ni, ya miƙo kwanonsa.

"Ƙaro min kifi," ya ce.