Waƙar da Auta ta Bari

Yaya ba ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba lokacin da mawaƙin ya shigo shagon, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Mai Zobe ake ce masa. Waƙoƙi goma sha ɗaya da suka ɗaga shi, duk ƙanwarta Auta ce ta rubuta. Ita ta zana hotunan faifan, ita ta haɗa bidiyon. Ko sau ɗaya sunanta bai fito a jiki ba.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Da godiya. Wata biyu da rasuwar Auta, yau ka gano hanya?"

Ya sosa ƙeya. "An ce ta bar waƙa. Mun duba kwamfutarta kaf, babu."

Ai ba zai samu ba. Auta ba ta taɓa fara waƙa a rubuce ba. Kan buhun ƙyalle take zama ta ce, "Yaya, taka min," sai ta ɗora kalmomi a kan ƙarar keken. Da ciwo ya ci hannunta har biro ya gagare ta, haka ta yi waƙarta ta ƙarshe da ka, baiti huɗu, tana maimaitawa har suka zauna wa Yaya a ka.

"Tana wurina," in ji Yaya.

Ya yi wuf ya ciro waya. Ta taka keken, ta rera baiti ɗaya da dusashshiyar muryarta. Bakinsa ya fara bin ta. Sai ta tsaya cak.

"Ci gaba mana, Yaya!"

"Sunanta fa?"

"Haba, harkar ba haka take ba. Mutane murya suke bi."

"To ga ka ga muryarka, je ka rera musu. In kana son saura, ka shiga gidan rediyo ka faɗi wadda ta rubuta sha ɗayan nan, ɗaya bayan ɗaya. In na ji da kunnena, ka zo ka karɓi baiti na biyu."

"Na biyu kawai?"

"Kai ma ba a rana ɗaya ka cinye ta ba."

"In kika manta kafin nan fa?"

"Ni na goya ta, ɗan nan."

Ya fita ba sallama. Yaya ta jawo rediyo kusa da ƙafarta, ta kunna. Sannan ta taka keken da ƙarfi, ta rera sauran ukun ƙasa ƙasa, yadda ko mai wucewa ba zai tsinci kalma ba.