Koren Allo a Garejin Ɗanbaba

Da Alhaji Ɗanbaba ya gaji garejin manyan motoci na mahaifinsa a Agege, bai kalli kwatar da ta toshe ba, balle masallacin da ke yoyo. Allon bakin titi ya tsaya yana harara.

"Wannan ƙazantar fa?"

Malam Mu'azu mai fenti, wanda ya rubuta allon da hannunsa, yana kan benci yana wanke buroshi. Baƙaƙe ne ja da rawaya, masu ƙiba, kowanne da jelarsa kamar ƙadangare, irin na jikin tirela.

"Ƙazanta?" Tsohon bai ko ɗago ba. "Kakana ne ya yi wa Turawa allunan hanya, baƙi a kan fari, manyan baƙaƙe zalla, ƙiƙam kamar soja a fareti. Ubana ya ga zuwan koren allon babbar hanya, da aka ce ƙananan baƙaƙe sun fi karantuwa ga mai gudu. Ni na ga zuwan kwamfuta, kowane sakarai ya zama gwani. Kai me ka gani ban da kwanon tuwo?"

"Na ga Dubai," in ji Ɗanbaba, ya sa aka tumɓuke allon.

Ba banza yake rawar ƙafa ba. Babbar Sallah ta matso, direbobin da ke kawo shanu daga Arewa za su tsayar da garejin da za su riƙa sauka, ga kuma Hajiya Inno, wata 'yar Ikko haifaffiya, ta buɗe nata a gaba kaɗan. In suka koma can, sai dai shi ya yi kiwon ɓeraye.

Aka bugo masa sabo da kwamfuta: kore shar, fararen baƙaƙe sirara masu ƙyalli, da kibiya, bisa ƙarafa biyu. Kai ka ce gwamna ne ya kafa. Ɗanbaba ya zura babbar riga, ya dasa kujerar roba a ƙarƙashinsa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Tirelar farko ta taho, ta sa sigina, ta rage gudu. Sai direban ya fizgi sitiyari ya taka wuta, ya bar shi da hayaƙi. Ta biyu ma haka. Wadda ta biyo bayanta ko siginar ba ta sa ba.

Ɗanbaba ya tattare riga ya haye okada. A garejin Hajiya Inno ya tarar da su reras, shanu na ta kuka. Shafi'i, shugaban direbobin, ya taso da sauri ya kama hannunsa.

"Alhaji, ashe kana waje! Sannu, Allah Ya mayar da alheri. Yaushe gwamnati ta ƙwace wurin?"

"Uban wa ya ƙwace?"

"To allon fa? Mu a garin nan, in muka ga kore da siririn farin rubutu a bakin get, wurin tara motocin da aka kama ne. Labari ya kai har Jebba, kowa na jan kunnen na bayansa."

"Sunana ne a jiki! Ba ku iya karatu ba ne?"

"Da shanu cike da mota, bas ɗin danfo na shigo min ta hagu, okada ta dama, zan tsaya haɗa baƙi? Fuskar allo muke kallo, Alhaji."

Hajiya Inno ta leƙo daga rumfa tana goge hannu da zani. "Pele o, sannu ɗana. Sun ci tuwona, an shafa fatiha. Sai baɗi, in da rabo."

Ya koma a ƙafa, gumi har cikin takalmi. Get ɗinsa a buɗe, motar janwe ta shigo da wata danfo ta sauke a tsakiyar fili. Direban danfon na ganin babbar riga ya zube a ƙasa, ya rungume ƙafarsa.

"Oga, abeg! 'Ya'yana ƙanana ne!"

Daga kan benci Malam Mu'azu ya tsartar da ruwan goro.

"Ga ciniki ya buɗe, Ɗanbaba. Saura ka ɗinka yunifom."