Filin Merv na Bayan Coci

Glenys ta jawo ragar ƙaguwa daga ƙarƙashin gadar Wallaroo, ta tarar da ita wayam, ta sake wurga ta ruwa da haushi. Ba ƙaguwar ce damuwarta ba. Bikinta da Merv ya matso, ga 'yarta Tarryn ta kafe sai an yi yarjejeniya a gaban lauya: in auren ya mutu, gidan Glenys na Glenys ne.

Tsoro take ji. Merv mutum ne da in ka ce shayinsa ya yi ruwa, sai ya wuni yana kumbure-kumbure, balle a nuna masa ana zargin zai gudu da gida. Ita kuwa da ta ba shekara sittin baya, ba ta da niyyar komawa cin abinci daga ita sai rediyo.

"Merv," ta kira shi, yana gefenta a kan gadar.

"Na'am, amarya."

"Amarya da gwiwar ƙarfe? Ka bari. Tarryn ce ke so mu ga lauya, kai da naka, ni da nawa. A rubuta abin da kowa ya shigo da shi. In an rabu, kowa ya kwashi nasa."

Merv ya ci gaba da ɗaura kan kifi a ragarsa, bai ɗago ba. Shi ke nan, Glenys ta ce a ranta, Tarryn ta kashe mini aure tun ba a ɗaura ba.

"Wato in muka rabu, ba zan samu labulen falonki ba?" in ji shi.

"Ba za ka samu ba."

"Na gode wa Allah. Idona ya huta."

"Ji tsohon banza! Kai me ma kake da shi da za a rubuta? Akwalar mota da kurman kare."

"Ina da fili."

Glenys ta juyo gaba ɗaya. "Fili? A ina?"

"Bayan coci, a Kadina. Tsawonsa daidai tsawona." Ya goge hannu a wando, muryarsa ta yi ƙasa. "Kusa da matata Coral. Ranar da aka binne ta na saya, na kuma yi mata alkawari. Tun da na ce ki aure ni nake neman bakin gaya miki. Tsoro nake ki ce rabin miji na kawo miki, ki fasa."

Ta tsaya tana kallonsa, ƙaton mutum da hular kamun kifi, kunnuwa sun yi jawur kamar yaron da aka kama a kicin. Ta laluba ranta ko za ta ji zafi, ba ta samu komai ba sai tausayi, da dariyar da ke taso mata.

"Kai dai an yi sakarai. Ni ina ka zaci zan kwanta? Mijina Ron ya bar mini gefensa a maƙabartar Moonta, har sunana an sassaƙa, kwanan wata kawai ake jira."

"Ba ki taɓa faɗa ba!"

"Kai ka faɗa?"

Merv ya sauke wani dogon numfashi, ya zauna a kan bokiti. "To, a kira lauyoyin. Ki riƙe gidanki, in riƙe ramina."

"A rubuta har da wannan: muddin kana numfashi, nawa ne kai. Ranar da ka daina, ni da kaina zan mayar wa Coral kayanta."

"A wanke, a goge?"

"Yadda na same ka," in ji Glenys, ta kama hannunsa mai ƙarnin kifi. "Amma kada ka yi sauri."