Kari Uku a Bayan Riga

Ranar da 'yan tawaye suka ƙetaro gada, igiyar shanya ta Mai Guga, matar da ke da shagon wanki, cike take da rigunan soja, sun sha sitaci suna jiran masu su. Masu su kuwa ba su waiwayo ba. Tun da hantsi igwa ke rugugi daga bayan tsauni, kafin rana ta raba motocin bariki sun bi babban titi a guje. Manya ne a gaba, kamar yadda suka saba a wajen rabon komai, ƙanana kuma aka bar kowa ya yi ta kansa.

Cikin waɗanda aka bari har da ƙaninta, Auta, kofur a rundunar gwamnati. Ta ƙofar baya ya faɗo shagon, ba bindiga, ba hula, leɓensa ya bushe ya tsage. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ita ce kuma ta yi kuka ranar da ya shiga soja don garin ba wani aiki. Ba ta tambaye shi komai ba.

Ta ce, "Tuɓe."

Kakin ta tsoma a baho ta wanke, ta shanya shi a tsakiyar 'yan'uwansa, don in ba a shagon wanki ba, ina za a ɓoye kaki? Takalman ta jefa su masai. Ta ɗauko masa riga da wando na marigayi mijinta, mutumin da Allah bai hore wa tsawo ba, wandon ya tsaya masa a ƙwauri. Ko a wannan tashin hankali sai da dariya ta kusa ƙwace mata.

Washegari mota mai lasifika ta zaga gari tana shela cewa duk sojan da ya ɓuya ya miƙa kansa a filin ƙwallo. Wasu sun je. Ba wanda ya ga dawowarsu, kowa kuma da irin labarin da yake bayarwa a kansu, babu mai daɗi ko ɗaya. Mai Guga ta yanke shawara: Auta ba zai je ba, ba kuma zai ɓuya a ɗaki ba, domin ɗaki ake fara bincika. A shago zai zauna, a idon kowa, a matsayin mai taya ta wanki.

Sai dai cire kaki a jiki ya fi cire shi a ƙashi sauƙi. Auta in ya tsaya, sai ka ce ya haɗiyi taɓarya. In an kira shi, dugadugansa su haɗu kafin bakinsa ya amsa.

"Kai, saki kafaɗar nan! Wa ka taɓa gani yana wanki ƙirji a gaba?"

"Yaya, ina ƙoƙari."

"Ƙoƙarin me? Ja ƙafa in kana tafiya. Ka yi hamma. Ka sosa ƙeya in an yi maka tambaya. Duk lalacin da na sha fama da kai a kansa kana yaro, yau nake nemansa, ka ce ba ka san inda ka ajiye shi ba?"

A hankali ya koya. Gashinsa ya fara tohowa, ruwan sabulu ya jeme masa hannu, maƙwabta kuma, Allah ya saka musu, kowa ya zama makaho. Mai shayin bakin layi, wanda ya san Auta tun yana yawo ba wando, sai ya riƙa ƙwala masa kira, "Kai baƙo, zo ka karɓar wa uwar ɗakinka ruwan zafi!"

Harbi ya koma can nesa, wajen filin jirgi. Kasuwa ta buɗe rabi-rabi. Su ma 'yan tawayen, da suka gaji da warin jikinsu, suka gano akwai shagon wanki a layin. Wata safiya ɗaya daga cikinsu ya dire riga a kan tebur, ya ce ta kwamanda ce, ana so kafin yamma.

An yanke ruwan famfo tun ranar da aka shigo gari, don haka da ta wanke rigar ta shanya, sai ta ɗauki jarkoki ta tafi rijiyar makaranta. Layi ta tarar har bakin titi. Ba ta dawo ba sai da inuwa ta miƙe. Ta duba igiya ba riga, dutsen guga kuma da sauran garwashi a ciki.

"Ina rigar mutumin nan?"

"Sun zo sun karɓa. Na ga za ki makara, sai na goge miki." Ya faɗa yana murmushi, irin na wanda ke jiran a sa masa albarka.

Ta sauke jarkar a hankali. "Wace irin guga ka yi mata?"

"Yadda ake guga mana. Kari a hannu, kari uku a ba..."

Bai ƙarasa ba. Ta ga fuskarsa ta canza, shi ma ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Kari uku a bayan riga, a miƙe daga kafaɗa zuwa ƙugu, ba wanda ke yin sa sai wanda ya kwana a bariki. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba, kai bai sani ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ko ƙarar igwa bai sa mata ba. Ta so ta rufe shi da faɗa, amma ta ga yadda ya zauna a kan bokiti ya dafe kai, sai ta fasa.

Ya ce zai gudu. Ta ce ya bi ta ina, ko'ina shinge ne? Mai gudu shi ake harbi.

Da safe wata mota ta tsaya a ƙofar shago. Wani dattijo ya fito yana ɗingishi, da furfura a gemu, sanye da rigar. Ya ce wa yaransa su jira a waje. Mai Guga ta riga ta tura Auta gindin baho a bayan labule, tana jin motsin ruwa a hannunsa.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Wa ya goge min riga?"

"Ni ce, ranka ya daɗe." Ta nuna igiya. "Shekara da shekaru nake yi wa bariki wanki. Hannu ne ya saba."

Ya taka zuwa igiyar, ya juya riga ɗaya, ya juya ta biyu, ya shafa bayansu da yatsa.

"Gugarki tana da kyau. Amma karinki na tsakiya a kan ɗinki yake sauka." Ya juya mata baya, ya nuna da babban yatsa. "Wannan kuwa ya kauce wa ɗinki da faɗin yatsa ɗaya. Mutum ɗaya na sani a duniya mai koyar da haka, wani samanja mai kunne ɗaya a makarantar kurata. Da mari yake koyarwa. Har yau in hadari ya taso, kumatuna na tuna min da shi."

Motsin ruwa ya tsaya a bayan labule. Mai Guga ta matsa ta tsaya tsakanin dattijon da labulen, dutsen guga a hannunta, ita kanta ba ta san me za ta yi da shi ba.

"Ƙanina ne," in ji ta. "Ni na raine shi. In ɗaukarsa za ka yi, ka haɗa da ni."

Kwamandan ya dubi dutsen gugar, ya dube ta. Sai ya ja kujerar roba ya zauna, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Ajiye, kada ki ƙone. Jiya da aka kawo min rigar nan na daɗe ina kallon ta. Rabin waɗanda nake harbi, ɗaki ɗaya muka kwana a bariki da su ko da iyayensu. Na gaji, baiwar Allah. Ana maganar zama a teburin sulhu, ina so in kai ranar da sauran mutanen da zan gaisa da su." Ya ɗaga murya kaɗan, yana fuskantar labule. "Ni ban ga soja a nan ba. Mai wanki na gani, wanda wandonsa bai kai masa ba."

Ya miƙe da ƙyar. A bakin ƙofa ya juyo.

"Mataimakina ya ga rigar, ya yaba, shi ma zai aiko da tasa anjima. Bai duba bayan ba, amma tasa zai duba. Shi ma ɗalibin samanja ne, kuma a bakin gadar nan ya binne ɗansa. Ku yi masa gugar farar hula."

Motar ta tashi. Mai shayi ya leƙo, ya ga ba a fito da kowa ba, ya koma yana goge ido da gefen riga.

Da la'asar rigar ta iso. Mai Guga ta wanke, ta shanya, ta hura garwashi. Ta ɗauki dutsen za ta fara, sai Auta ya riƙe hannunta.

"Yaya, bar ni in yi."

"Kai ka san abin da ke kai?"

"Na sani. In ban koya yau ba, yaushe?"

Ta ba shi, amma ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Ya shimfiɗa rigar, ya yayyafa ruwa. Da ya zo baya, yatsunsa suka tsinci yadin da kansu, suka fara naɗe shi. Ta buge masa hannu. Ya saki, ya ja numfashi, ya baje yadin da tafinsa. Dutsen ya bi ta kai, ya dawo, ya sake bi. Hawayensa na ɗiga a kan rigar, dutsen na busar da su.

Ya ɗaga ta sama. Bayan sumul, ba kari ko ɗaya, irin rigar da malamin makaranta zai sa ya tafi aji.

Mai Guga ta karɓa, ta juya ta gaba da baya a hasken ƙofa, ta daɗe tana dubawa.

"To," in ji ta. "Yau ka dawo gida."