Ciyawar Sharifa

Haliru ya riga ya ɗaga fartanya lokacin da Sharifa ta fito daga ɗaki da jaririyarta a kafaɗa. Ta ce wa mijin nata ya ajiye, kada ya taɓa mata ciyawa. Ya waiwaya ya dubi uwarsa, Hajiya Kulu, wadda ta turo shi, yana sosa ƙeya.

Gobe suna. Mata za su cika gidan daga Kibiya da Kahu, ga ciyawa kore shar a tsakar gida, wai kuma da gangan aka shuka. Hajiya ta ce ita tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin mai hankali yana ba ciyawa ruwa da rani ba. A Rano, in ka ga ciyawa a tsakar gida, ko kango ne ko matar gidan ƙazama ce. Ba za a yi da surukarta a bakin duniya ba, ga macizai kuma.

Ita kuwa Sharifa a Ingila ta buɗe ido, a wata unguwa ta bayan gari inda mahaifinta ya je karatu. Gidaje na jan bulo, duk iri ɗaya, kowanne da ɗan filinsa a gaba. Ran Asabar maƙwabta su fito da injin aske ciyawa, ƙanshinta ya cika layi, ita da Ummanta su kwanta rigingine a kai suna cin tuffa. Can Umman ta rasu, can aka binne ta, ciyawa ta rufe kabarin. Aka dawo da Sharifa tana ƙarama, ba ta sake komawa ba. Wannan ɗan filin da ta shuka a tsakar gida, wanda bai fi tabarma biyu ba, shi ne abin da ya rage mata, kuma wallahi tana son sa.

Ba ta yi musu ba. Ta tuɓe silifas, ta taka zuwa tsakiyar ciyawar da ta jiƙa da safe, ta zauna daram da jaririyar.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Sai dai ya nome har da ni."

Hajiya ta dafe ƙirji. Mai jego, kwana shida da haihuwa, a kan danshi! Duk ruwan zafin da ake tafasa mata safe da yamma ya tashi a banza ke nan. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce sanyi zai shige ta ya nakasa ta har tsufa. Sharifa ta sunkuyar da kai cikin ladabi, amma ko gezau.

Can Hajiya ta juya kan ɗanta.

"Kai kuma ka tsaya kallon me? Fita min da fartanyar nan."

Sharifa ba ta tashi ba sai da ta ji ƙarar babur ɗinsa ta bar ƙofar gida.