Da Hularsa Ya Zo

"Ki sakar min ɗa! Jama'a, ga ɓarauniyar yara!"

Inna ba ta taɓa yaron ba, hular kansa ta cafke. Amma ihun da matar da ke riƙe da shi ta ƙwalla ya watsa layin masu jiran likitan yara, wata ta kifar da kwalbar maganin tari, jarirai suka ɗauki kuka kamar an ba su umarni. Mai gadin da tun safe yake gyangyaɗi a kan benci ya samu aikin yi, ya zo ya damƙe mata damtse.

"Tsohuwa, lafiyarki kuwa?"

"Ƙalau nake. Sakar min hannu, ba da kai nake ba."

Ta ɗaga hular wajen hasken taga. Shuɗiya ce, ta ulu mai kauri, da farin tuntu, igiyoyin tufka sun taso daga bakinta kamar kitso sun haɗe a tsakiyar kai. Inna bahaguwa ce, duk unguwa an san tufkar da ta fito daga tsinken saƙarta hagu take karkata. Ta bi igiyoyin da babban yatsa. Hagu, hagu, hagu. Daidai inda hular ke zama saman kunne, murɗa ɗaya ta bauɗe ta yi dama.

Ta ɗago ta dubi matar.

"Baiwar Allah, a ina kika samo hular nan?"

Matar ta gyara tabaron da ya cinye mata rabin fuska. Awarwaro har gwiwar hannu, farce zaƙo-zaƙo, ta rungumi yaron kamar jakar da aka ba ta ajiya.

"A kanti na saya."

"Wane kanti?"

"Ke 'yar sanda ce? Tsaraba aka kawo min. Kai, ina ruwanki ma? Tasa ce, da ita ya zo!"

Inna ta juya hular a hannunta.

"Da ita ya zo," in ji Inna a hankali. "Daga cikin naki? To barka da arziki. Ni biyar na haifa, duk tsirara suka zo, ko ƙyalle babu wanda ya riƙo min."

Wata a bayan layi ta tuntsire da dariya. Inna ba ta yi ba. Yaron take kallo, kansa a buɗe yanzu, ga kunnuwa fato-fato sun baje kamar hannayen tukunya. Kunnuwan marigayi mijinta ne. Kunnuwan autanta ne.

Matar ta ja yaron ta manna a ƙirji, ta yi waje ƙwas-ƙwas, ko katin asibitin ba ta tsaya ɗauka ba. Kafin Inna ta fizge daga hannun mai gadi, wata baƙar mota ta riga ta fice daga ƙofa.

Jikarta mai tari, wadda ake kira Aku saboda surutu, ta ja mata zane. Ta taɓa shuɗiyar hular da ke kanta.

"Inna, irin tawa ce."

* * *

Uku ta saƙa a sanyin bara, daga ƙunshin ulu ɗaya: babba ta autanta, matsakaiciya ta 'yarsa Aku, ƙarama ta abin da ke cikin surukarta. Aikin tufka ba ya son gaggawa. Sai ka ɗebe idon saƙa uku ka ɗora a kan ɗan guntun tsinke, ka riƙe su gefe, ka saƙa na bayansu, sannan ka dawo da su su haye. Ranar da take kan ƙaramar, tukunya ta kama ƙauri, ta ajiye ta ruga. Da ta dawo ta tarar surukar, da cikinta tirtsitsi, ta ɗauki tsinken ta yi murɗa ɗaya da hannun dama, tana dariya tana ɓoye fuska.

"Inna, na ɓata miki. Warware."

"Ba zan warware ba. Bar shi ya san da hannun uwarsa a ciki."

Da gangan ta yi ta da girma. Autan ya ɗaga ta a yatsa yana tsokana, wai wannan ai buhu ce, ɗan zai ɓace a ciki.

Shi ya zaɓi gidan haihuwar. Ya ce asibiti layi ya yi yawa, ya san wata ungozoma mai zaman kanta, kowa Sista yake ce mata, hannunta da albarka. Aka hana Inna shiga ɗaki. Ta miƙa hular ta taga, ta ji kukan jariri da kunnenta, kuka mai ƙarfi. Can sai Sista ta fito tana goge hannu, fuska a ɗaure kamar bakin jaka, ta ce numfashi ya tsaya. Uwar tana kwance, allura ta kwashe ta. Autan ya ce shi zai ji da komai, kada mata su ga abin da zai hana su barci. Ya fita da ƙunshin tawul, ya dawo hannu sake.

Ya iya kuka, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya zauna a ƙofar gida yana amsa gaisuwa yana jan majina, har maƙwabta suna cewa ba su taɓa ganin uba mai tausayi irinsa ba.

Ba a jima ba ya buɗe shagon wayoyi mai ƙofar gilashi. Wai wani aboki ne ya tallafa masa.

* * *

Manaja ake ce wa autan tun kafin ya samu abin da zai yi wa manajanci. Inna ta ajiye Aku wajen mai ɗinkin da ke kusa, ta tura ƙofar gilashin ba sallama.

Yana tsaye bayan kanta, agogo na walƙiya a hannu, turare ya cika shagon har yana hawa kai. Yana goge gilashin kantar da wani tsumma shuɗi. Sai da ta matso ta gane tsumman. Babbar hular ce, tuntun ya tsinke, tufkar ta yi baƙi da datti.

"A'a, Inna! Yau kuma ziyara? Me likita ya ce da tarin?"

Ta ɗora ƙaramar hular a kan gilashin, kusa da tasa.

Hannunsa ya tsaya.

"Wata sabuwa kika saƙa? Ta yi kyau."

"Me ka binne?"

"Ban gane ba."

"Tawul ɗin da ka fita da shi kana kuka. Me ke ciki?"

"Inna, don Allah, wurin sana'a ne nan. Irin hulunan nan sun cika kasuwa."

"Sun cika kasuwa da kunnuwan ubanka a ƙarƙashi? Na gan shi. Ya yi ɓul-ɓul. Hular da ka ce buhu ce ta zauna masa daidai."

Ya zagayo da sauri ya murɗa makullin ƙofa, ya juya allon nan mai cewa an rufe. Da ya waiwayo, fuskar ɗan kirkin ta zame, wata ta fito, irin ta mai ciniki.

"To kin gan shi. A wahale kika gan shi? Ƙashi kika gani? Yaron nan yana kwana a ɗaki mai sanyi, madarar gwangwani yake sha, makarantar da zai yi ni ko gadi ba za a ɗauke ni a can ba. Me za mu ba shi a ɗaki ɗaya da rufi mai yoyo? Taimako ne, Inna. Su ba su da ɗa, mu ba mu da hali."

"Taimako." Ta dubi wayoyin da ke jere cikin fitilu. "Wanne ne hannunsa a nan? Wanne ne ƙafar? Nuna min in shafa."

"Ki daina irin wannan magana."

"Matarka ta yi wata tana matse nono a kwano tana zubarwa a bayan ɗaki. Kana kwance kana danna waya kana ce mata ta yi haƙuri, Mai bayarwa ne ya karɓa. Ashe kai ne mai bayarwar."

"Sista ta ce mata suna mantawa. Ga shi ai wani cikin ya samu."

Inna ta dube shi tun daga gashin da ya sha mai har takalmin mai tsini. Ta nemi yaron da ta goya a jikin wannan mutumin, ba ta samu komai ba sai kunnuwan.

Ya sassauta murya, ya dawo da ta lallashi, wadda yake karɓar kuɗin cefane da ita tun yana saurayi.

"Ki yi tunani. Tana da ciki. Kika faɗa mata, ta yanke jiki ta faɗi, wa ya jawo? Aka kama ni, wa zai ciyar da ku? Saƙar hula? Kuma Sista ba ita kaɗai ba ce, akwai manya a bayanta. Ki ba ni wannan in ƙona, magana ta mutu."

Ya miƙo hannu. Ta riga shi, da hagun da bai taɓa koyon tsammani ba. Ta cusa hular a jaka.

"Buɗe min ƙofa."

"Inna."

"Buɗe, ko in fasa gilashin nan da jikana ya saya maka."

* * *

Har suka shigo layinsu ba ta yanke shawara ba. Ta saya wa Aku alewa biyu don bakin ya samu abin yi.

Surukar tana zaune a kan tabarma a inuwar katanga, ta miƙe ƙafafun da suka fara kumbura, cikin ya turo riga. Tun bayan rashin ta koyi saƙa sosai, ta ce yana hana ta tunani. Farin ulu ne a cinyarta, ƙaramar hula ta kai rabi, tufkarta duk dama ta karkata.

"Sannu da dawowa, Inna. Kun daɗe. Layi ne?"

"Layi ne, 'yata."

"Duba min nan, kamar ido ɗaya ya zame. Wannan karon ni zan gama masa da kaina. Baban Aku ya ce wajen Sista za mu koma, wai ta san jikina." Ta yi ɗan murmushi. "Ni dai gabana faɗuwa yake in na tuna ɗakin nan. Amma ya ce ta yi mana ragi."

Inna ta matso. Ta zauna a bakin tabarmar, ta buɗe jaka, ta ɗora shuɗiyar hular a kan farar.

Surukar ba ta yi ihu ba. Yatsanta ya tafi kai tsaye saman kunne, ya samu murɗar nan tata, ya tsaya. Ta juya hular ciki waje. Ta sa hannaye biyu a bakinta ta gwada faɗin. Sannan ta kai ta hanci, ta rufe ido. Hoda, man gashi, da ɗan tsamin madara.

"Inna," muryarta ta fito siririya, "ta buɗe. Ba haka take ba da na riƙe ta. Kai ne ya buɗa ta." Ta ɗago. "Kan da ke ƙasa ba ya girma, Inna."

Inna ta buɗe baki ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofar gida, aka turo ba a jira izini ba.

Ba matar da Inna ta gani a asibiti ba ce. Wata ce daban, doguwa, cikin leshi mai tsada, makullin mota a yatsa. Ciki ne a gabanta, babba, ya hau sama ya zauna dam kamar ɗaura shi aka yi, ba ya motsi in tana tafiya.

"Sannunku. Nan ne gidan Manaja? Sista ta ce kada in zo, amma ni ba na biyan abin da ban gani ba." Idonta ya sauka a kan surukar, ya bi fatarta, hancinta, tsawon yatsunta, ya tsaya a cikin. Ta gyaɗa kai. "Ba laifi. Hasken ya yi daidai da na maigidana. Kina cin abinci sosai dai ko? An ce lokacinmu ɗaya."

Tsinken ya zame daga cinyar surukar. Ƙwallon farin ulun ya gangara, yana warwarewa a kan siminti, har ya je ya daki takalmin baƙuwar.

Ta sunkuya tsaf, ba nishi, ba dafa ƙugu, ta ɗauko shi.

"Kai, har da hula?" ta ce. "Ki gama da wuri, sai ya zo da abarsa."